Shekarar da Shamuwa Ta Yi Sammako

Bazara ce, irin wadda ruwan randa kan yi ɗumi tun kafin hantsi. Shekarar ta zo mana a matse. Babbar gonarmu ta wajen Maradun mun bar zuwa saboda halin da daji yake ciki, sai ƙaramar da ke bayan gari, nan kusa da Bakura. Abin da ta ba mu bara mun cinye. Tiya shida na irin gero suka rage, na zuba a tukunya na liƙe bakinta da laka. In suka salwanta babu wasu, kuma babu halin saye.

A gidanmu ba a taɓa iri sai an ga shamuwa. Akwai tsamiya a ƙofar gida, a kanta take sauka. Ranar da ta fara jidar ƙirare don sheƙa, Malam, mai gidana, sai ya ɗauki sungumi a yi binne, wato a zuba iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa. Haka mahaifinsa ya yi, kuma a da ba a daɗewa ruwa ke biyo ta.

Da na shiga ajin yaƙi da jahilci, malamarmu ta ce kowa ta riƙa rubuta wani abu a gida don hannu ya saba. Ban san me zan rubuta ba. Sai na riƙa duba kalandar ɗakin Malam, ina sa ranar da shamuwa ta zo, a gabanta kuma ranar ruwan shuka. Shekara ɗaya, layi ɗaya. Ban taɓa komawa na karanta ba.

A wannan bazarar shamuwa ta zo da wuri, ko hadari ba a fara gani ba. Kwana biyu da zuwanta wata baƙuwa ta sauka daga kabu-kabu, ta tsaya gindin tsamiya tana kallon sama da madubin hangen nesa. Kirista ce, ɗiyar wani ma'aikacin gwamnati a Talata Mafara, tana karatu a jami'a, aikinta binciken tsuntsaye. Na ce ta shigo inuwa. Muka gaisa, ta tambayi gida da yara da zafi, Hausarta tsaf kamar ta mutanen Mafara.

"Inna, sheƙa nawa ake yi a kan iccen nan da can?"

"Ɗiyata, wa ke ƙidayar sheƙa? Na dai san in suna nan ba a shanya a ƙarƙashi."

Ta yi dariya, ta ce yau huɗu ta gani. Na gaya mata da ina amarya kowace kuka da tsamiya a garin nan baƙi ƙirin take da su. Yanzu an sare, wasu don itace, wasu don a faɗaɗa gona. Da ta tambayi lokacin zuwansu, na ɗauko mata littafina, ina jin kunyar rubutun.

Ta daɗe a kan shafin. Ta roƙi izini ta ɗauki hotonsa da waya, sannan ta juyo da shi wajena ta sa yatsa.

"Inna, duba nan. Layukan farko, tsakanin shamuwa da ruwa kusa ne. Duba na ƙasa."

Na bi a hankali, don ba ni da saurin karatu. Gaskiyarta ce. Tazarar tana ta buɗewa.

"Mi ya kawo haka?"

"Shi nake nema, ban sani ba tukuna. Wataƙila damina ce ta sake hali. Wataƙila kuma noman rani ne. Tsuntsu abinci yake bi, in akwai fara da kwaɗi a fadamun da ake ba ruwa, ba sai ya jira sama ba. Amma kada ki ce na ce."

Da la'asar na kai wa Malam maganar, da littafin a hannuna. Ya saurara har na gama, don ba mai katse mutum ba ne.

"Yanzu ɗiyar da aka haifa jiya ita za ta gaya mini halin shamuwa? Ko gero da maiwa ta iya bambantawa?"

"Ba ita ta rubuta ba, Malam. Ni na rubuta."

"To, malama babba. Allah ya ƙara ilimi. Gobe ki fasa mini lakar bakin tukunya."

Na fasa. Na auna tiya uku na kai masa a ƙwarya, sauran ukun na ɗaure a tsumma na tura ƙasan adakata. Ya dubi ƙwaryar ya dube ni.

"Ba shida ba ne?"

"Ƙwari sun shiga, rabin ya zama gari."

Shekara ashirin da wani abu muna tare ban taɓa yi masa irin wannan ƙaryar ba. Sai ya yi salati. Muka tafi gona, yana sara ina zuba ina take ƙasa da diddige. Ya buɗa tazarar ramuka don irin ya kai, duk da haka gefen gabas ya zauna babu shuka. Ina kallonsa yana duban wurin.

Bayan kwana biyar aka yi ruwa kaɗan, wanda ya isa ya ta da iri. Gero ya fito kore shar. Malam ya dawo daga gona yana tsokanata, wai in aika wa ɗiyata ta Mafara ta zo da madubinta ta gani. A lokacin tsoro ya kama ni ta wani gefen. In damina ta zauna daga nan, ni ce na hana gonar rabin irinta, kuma ban san da bakin da zan faɗa ba.

Ruwa bai sake zuwa ba har mako uku. Shukar ta lanƙwashe, ta yi ja, iska ta kwashe ta. Ba mu kaɗai ba, duk wanda ya bi shamuwa a unguwarmu haka ya gani. Ita kuwa tana kan tsamiya tana kwanci abinta. Malam ya rage magana. Ya je wajen ƙanensa neman iri, ya dawo hannu wofi, don shi ma ya binne nasa.

Ran wata Laraba da azahar hadari ya haɗo daga gabas, aka yi ruwa sosai har tsakar gida ta cika. Da ya ɗauke, yara suka fita da gudu, maƙwabta masu sauran iri suna ta kiran juna. Malam yana zaune a zaure, sungumi jingine da bango. Na buɗe adaka na ɗauko ƙullin, na durƙusa na ajiye a gabansa na kwance.

Ya ɗebi kaɗan ya murza a tafin hannu. Babu ƙwaro ko ɗaya.

"Wannan fa?"

"Naka ne. Ƙwari ba su shiga ba, ni na ɓoye. Ka yafe mini."

Na dubi fuskarsa. Ban ga fushi ba, ban kuma ga murna ba.

"Da ruwan farko ya zauna fa, da yaya za ki yi?"

"Da na kawo maka shi haka nan, in sha faɗa."

"Kin sa na zargi tukunya," in ji shi. "Har na ce zan fasa ta." Ya mayar da irin cikin tsumma ya ɗaure da kansa. "Uku ba za su cika gonar ba."

"Ba za su cika ba."

Bai ce ya yafe ba, ni ma ban sake tambaya ba. Ya tashi ya tafi masallaci.

Da gari ya waye, bayan na yi salla na dama kunu, na juye irin a ƙwarya na ɗora a ka. Malam ya riga ni fita. Na tarar ya fara sara daga gefen yamma, inda ƙasa ta fi riƙe laima. Na shiga layin bayansa, ina zuba ƙwaya kaɗan kaɗan a kowane rami, ina rufewa da ƙafa.