Tsaga a Bonet

Shekarar da soja suka miƙa mulki, motocin da ba mu saba gani ba suka fara shigowa Katsina. Rumfarmu tana Ƙofar Kaura, mu biyu muke cikinta. Ni mai gyaran jikin mota ne, ina buga kwano ina fenti. Abokin aikina bakanike ne, Bagobiri, fuskarsa cike da tsage har kunne. Ya girme ni, amma kwano ɗaya muke cin abincin rana, kuma ban taɓa kiransa da wani suna ba sai Bagobiri.

Wani matashi, ɗan wani Alhaji da ya shiga siyasa, ya kawo mana wata jar mota mai ƙofa biyu, cikinta kamar zai taɓa ƙasa. Motar gudu ce, an yi ta don ƙasar sanyi. Da ta ɗan yi tafiya a ranarmu sai baƙin mai ya yi zafi ya tsinke kamar ruwa. Bagobiri ya samo ɗan ƙaramin lagireto na mai, ya ɗaura shi a gaba, bayan bamba. Ya gwada, zafin bai sauka sosai ba.

Ya tsuguna gaban motar ya daɗe, sannan ya kira ni.

"Iska tana shiga, ba ta da wurin fita," in ji shi. "Ta kwashi zafi ta tsaya nan tana dawowa. Ka yi mini bututun kwano ya hau sama, ka tsaga bonet wuri shida, ta fice ta can."

Ni kuwa na gama yi wa bonet ɗin fenti ke nan, kana ganin fuskarka a ciki. Mutane suna tsayawa su tambayi wanda ya yi. Na ce, "Haba Bagobiri, don an tsattsaga taka fuskar, sai ka ce ita ma a kai ta wurin wanzami?"

Masu shayin gefenmu suka fashe da dariya. Shi ma ya yi, ya ce, "Wagga tsaga ita ta sa ban taɓa zafin kai ba. Kai dai yi abin da na ce."

Washegari aka yi masa rasuwa a garinsu, ya tafi. Na yi bututun, amma na lanƙwasa shi ƙasa, na buɗe bakinsa ƙarƙashin mota inda ido ba ya kaiwa. Na ce wa kaina fita dai fita ce. Ban san cewa in mota tana gudu iskar ƙasan tana danne bakin ba, zafin ya koma inda ya fito. Ban sani ba, kuma ban jira na tambaya ba. Na ba yaron makulli.

A hanyar Daura injin ya buga. Da igiya aka jawo ta, ranar da Bagobiri ya dawo. Yaron ya tsaya tsakiyar rumfa yana zaginsa, mutumin da a haife ya haife shi, yana cewa ɗan ƙauye ya kashe masa mota. Ni ina gefe ina goge wata ƙofa. Ban ɗaga kai ba.

Bagobiri ya nufi motar. Ya je ya shafa bonet ɗin da tafin hannu, daga sama har ƙasa, sumul. Ya dube ni.

"Malam, fenti ya yi kyau."

Bai taɓa ce mini Malam ba sai ranar.

Maganar ta zagaya gari cewa hannunsa ba kyau, masu motoci suka daina kawo masa aiki. Kafin damina ya kwashe sifanunsa ya koma garinsu. Na taya shi ɗora akwatin kayan aikinsa a mota, muka yi sallama irin ta baƙi.

Jar motar ba a zo an ɗauke ta ba. Bayan wata biyu na cire bonet ɗin na tsaga shi wuri shida, yadda ya ce. Ya yi kyau, har ya fi da. Yana jingine a bangon rumfa har yanzu. Mai abinci ta daɗe tana kawo mini cokali biyu kafin ta saba.