Wasan da Injiniya Ya Gada

Shekarun da na yi ina tuƙi a wata masana'antar robobi a Birnin Masana'antu na Biyu da ke Riyad, an haɗa ni da wani injiniya ɗan Japan, dattijo mai furfura, ba ya son magana. Ni na ɗauko shi daga filin jirgi, daga ranar kuma ni ke kai shi ko'ina. Turancinsa guntu-guntu, nawa ma haka, amma muna gane juna.

Duk sanda cunkoso ya riƙe mu, sai ya ciro babbar wayarsa ya kunna wani wasan dandamali na ƙasarsu, wanda ake yi da waƙa da rawa. In mota ta tsaya cik nakan leƙa. Da ya lura, sai ya dawo zama a gaba, bakinsa kuma ya buɗe. Ya ce wasan ya girme shi. Kakarsa ta kai mahaifiyarsa tana yarinya, ita kuma ta kai shi. Labarin yana nan yadda yake, 'yan wasan ne ke sauka wasu su hau.

Ni jarumin ne ya tafi da hankalina. Dogo, ga kafaɗa, ga takobi, in ya rera waƙa muryarsa har cikin kujera. Na fara kwaikwayon tafiyarsa, ƙirji gaba, hannu ɗaya a baya, har abokan ɗakina suka tambaye ni ko ciwon baya nake yi.

Muhandis nake kiransa, wato injiniya da Larabci. Wata rana na ce, "Muhandis, wannan shi ne namiji. Ko a Kano samun irinsa sai an tona."

Ya yi dariya har ya ƙware, sai da na miƙa masa ruwa.

Ya ce, "Mace ce."

"Wa?"

"Jarumin. Dukkansu mata ne."

"Tsohon sarkin nan mai gemu fa?"

"Mace."

"To, dokin?"

Ya ɗaga yatsu biyu. "Mata biyu."

Ban faɗa wa 'yan ɗakinmu ba. Tafiyar dai na daina.

Bayan wasu watanni na kai shi kasuwar Al-Aziziya sayen kankana. Muna tsaye gaban wani Bayamane mai sayarwa, saƙo ya shigo wayarsa daga ƙanwarsa: jarumar ta sanar za ta sauka daga dandamali, ta bar wasan. Dattijon nan ya cire tabarau, hawaye shar-shar, ga masu dako suna wucewa da buhunan albasa.

Bayamanen ya tambaye ni da Larabci me ya faru. Na rasa ta inda zan fara, sai na ce, "Wata ce ta tafi, can gida."

Ya saki salati, ya rungume injiniya, ya kira maƙwabtansa. Nan da nan aka yi layi ana gaisuwar ta'aziyya. Shi kuwa yana ta sunkuyawa yana cewa "shukran", yana mamakin yadda labarin jarumarsa ya iso har Riyad. Aka cika mana bayan mota da kankana, aka hana mu biya.

A hanya ya share ido ya ce, "Ban san Larabawa na son wasan nan haka ba."

Na ce, "Sosai ma, Muhandis."

Kankanar kuwa, har masu gadin masana'anta sai da suka sha.