Akwati da Faranti, Sola Guda

Na daɗe ina juya maganar nan kafin in rubuta ta. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina jin kunyar a ce wanda ya sayar da shanun nomansa ya sayi iska ne yake ba da labarin kasuwanci. Sai dai na'ura biyu gare ni, dole in rabu da ɗaya, kuma na kasa zaɓa.

Ƙauyenmu yana kan hanyar Rusairis. Da shabaka, wato layin sadarwar waya, ta riƙa ɗaukewa, mutane suka rasa yadda za su ji muryar 'ya'yansu da ke nesa. Wasu a kasuwa suka fara sayar da intanet da awa: ka zauna a rumfa, ka kira wanda za ka kira. Na ga abin da kyau, na kai shanuna biyu kasuwa.

Hanya biyu ce. Akwai ƙaramin akwati da ake sa wa shariha, wato katin sim, kamar waya, a ɗaga masa eriya a kan dogon ƙarfe, ya jawo daga hasumiyar kamfani. Akwai kuma faranti mai kallon sama, wanda ba ruwansa da hasumiya, daga tauraron ɗan'adam yake jawowa. Yayan matata ya ce akwatin ne zai ci, don hasumiyoyi za su gyaru, kuma shi ne mai araha. Mai shago a Rusairis ya rantse cewa faranti ne gobe. Na yi ta zirga-zirga a hafila, motar hayar hanyarmu, ina sake tambaya, har direban ya daina tambayata inda zan sauka.

Daga ƙarshe na bi abin da mahaifina ya koya mini a gona: ba a zuba iri ɗaya a fili duka. Rabi dawa, rabi riɗi. In wannan ya ƙi, wancan ya yi. Na sayi duka biyun, na dawo gida ina jin kaina mai hangen nesa. Ban tuna cewa dawa da riɗi ruwan sama ɗaya suke sha kyauta ba. Waɗannan na'urori kuwa wuta suke ci, kowanne kuma da kuɗin watansa. Abin da ya rage mini sola guda ya saya da ƙaramin batir. In na kunna su tare, ga cajin wayoyin mutane, kafin la'asar komai ya mutu.

Matata ta leƙo rumfar, ta dubi wayoyin da na jera.

"Malam, jaki biyu ka sayo da damin ciyawa guda."

Na ce mata tsari ne. Ta ce to, Allah ya ba tsari lafiya.

Tun daga nan kullum safe sai in tsaya tsakaninsu kamar alƙalin da bai karanta shari'a ba. In na kunna akwati, da azahar hasumiya ta ɗauke, fuskar ɗan wata tsohuwa ta tsaya cak a waya bakinsa a buɗe. Sai in mayar mata da kuɗinta, don ban san hukuncin sayar da awar da ba ta cika ba. Na ma tambayi liman, ya ce bai taɓa cin karo da mas'alar ba. In kuma na kunna faranti, abin yana gudu kamar ruwan dam, amma dole in ƙara farashi, sai a ce mini mai akwati a ƙauyen gaba ya fi ni tsoron Allah.

Yayan matata ya zo, ya sha shayi, ya kira abokinsa bai biya ba, sannan ya ce, "Kai ne na farko da na gani yana gasa da kansa, kuma yana shan kaye."

Gaskiya ya faɗa. In na sayar da ɗaya, kuɗin zai kawo babban batir, wanda ya rage ya yi aiki yini guda cur. Wani ɗan kasuwa ya taya kowannensu, yana jiran amsa.

Don haka, don Allah, duk wanda ke wajen Managil ko Hajj Abdalla, ya gaya mini: hasumiyarku ta tsaya da ƙafarta, ko tana zuwa tana tafiya? Masu faranti kuma, hukuma ta bar ku, ko akwai wata takarda da ban sani ba? Wanda ya sani ya ba direbobin hanyarmu saƙo. Ya ce na mai na'ura biyu ne, za su gane.