Shekarar da Na Yi Gadin Kakana

Ranar wata Laraba ce a farkon damina, shekarar da nake aji biyar na firamare. An yi ruwa da safe, na dawo daga makaranta takalmina duk taɓo. Na zaro mukullin da ke rataye a wuyana cikin hijabi, na tura ƙaramar ƙofar get ɗin gidanmu da ke Gyaɗi-Gyaɗi, sai na ji ta bugi wani abu. Kakana ne, wanda muke kira Baba Tsoho. Yana zaune a kan bokitin da ya kife, sandarsa a kan cinya, ya kafa ido a wata 'yar tsaga da ke tsakanin ƙarfen get da bango, inda ba a ganin komai sai ƙafafun masu wucewa da tayoyin babura. Ya ɗago ya ce, "Amarya, a waje ma an yi ruwan nan kamar yadda aka yi a ciki?" Na yi dariya, don na ɗauka tsokanar da ya saba yi mini ce irin ta kaka da jika. Na mayar da ƙofa na kulle, kamar yadda aka umarce ni.

Baba Tsoho manomi ne. A cikin Tarauni aka haife shi, gonarsa kuma tana wajen Daurawa, inda ya yi ta noman gero da gyaɗa kafin gine-gine su cinye wurin. Ina ƙarama idan an kai mu gaishe shi, a zaure muke samunsa tare da abokansa, yana tufkar igiya da yatsan ƙafa, awaki suna shiga suna fita. Bayan rasuwar kakarmu hawan jini ya kama shi, wata rana ya faɗi a masallaci, ya tashi yana jan ƙafar hagu. Abba, wanda shi ne ɗansa na fari, ya ɗauko shi ya dawo da shi gidanmu. A watan farko ya sulale ya fita shi kaɗai, wani ɗan acaɓa ya goge shi a bakin layi ya yi masa rauni a gwiwa. Daga ranar aka fara kulle get. Abba yana ofis sai yamma, Umma tana koyarwa a Unguwa Uku tare da ƙannena biyu sai bayan la'asar, ni ce nake riga kowa dawowa, don haka ni aka rataya wa mukulli.

Babu wanda zai shiga ɗakin Baba Tsoho ya ce an rage shi da wani abu. Akwai katifa mai kauri da fanka da rediyo, ga magungunansa a jere a kan taga, ga abincinsa a kwanon samira tun safe. Sai dai likita ya hana gishiri, ya hana man shanu, ya hana goro. Tsakar gidanmu kuma siminti ne daga bango zuwa bango. Ya taɓa roƙon a fasa masa gefe ɗaya ya shuka kuɓewa, Abba ya ce sunkuyo ba zai yi masa kyau ba. Sai ya sa na cika masa gwangwanin madara da ƙasa, ya binne ƙwayar gyaɗa uku a ciki, kullum yana jan sa da sanda yana bin rana da shi. Idan na gama shara da wanke-wanke, na zana layin 'yar gala-gala da gawayi ina tsalle ni kaɗai, shi ne alƙalina. "Kin taka layi," in ji shi, ko da ban taka ba, don dai mu yi gardama.

Abin da nake jin kunyarsa har yau shi ne yadda na ji daɗin aikin. Kowace yamma Abba yakan kira ni ya tambaya ko ya sha magani, ko ya je bakin get, ko wani ya zo. Ni kuma in zayyana komai, ina jin kaina babba. Har goron da mai kawo mana ruwa a kura yake ɓoye masa a aljihu, ni na tona. Aka canja mai ruwa. Baba Tsoho bai yi mini faɗa ba. Ya dai dube ni ya ce, "Amarya ta zama 'yar sanda."

A daminar nan ne wani ɗan'uwa ya zo gaisuwa ya faɗa masa cewa Malam Tanko yana kwance ba lafiya. Malam Tanko amininsa ne tun suna samari, gonarsu iyaka ɗaya, tare suke gayya, tare suke zama a zaure. Baba Tsoho ya nemi a kai shi dubiya. Abba ya ce ranar Asabar in Allah ya yarda. Asabar ta zo aka yi ɗaurin aure, ta biyu aiki ya taso a ofis, ta uku mota tana wurin makanike. Ba ƙarya Abba yake yi ba, a gaban idona duk aka yi. Amma kowace Asabar Baba Tsoho yakan yi wanka tun hantsi ya zauna yana jira, in azahar ta wuce ya cire hula ya ajiye.

Wata Alhamis, ranar da ba ma zuwa Islamiyya, na dawo na tarar da shi tsaye a tsakar gida cikin farar rigarsa ta salla, ya shafa turare. Ya ce, "Ban taɓa roƙon yaro ba a rayuwata, amma yau zan roƙe ki. Ki riƙe mini hannu mu je in ga Tanko, kafin uwarki ta dawo mun dawo." Na ce Abba zai yi fushi. Ya ce, "Zai yi. Laifin nawa ne, ni na haife shi." Na daɗe a tsaye da jakar makaranta a bayana. Ban san abin da ya sa na buɗe ba. Wataƙila turaren ne, don ban taɓa jin ya shafa shi ba sai ranar Idi.

Tafiyar da nake yi cikin minti biyar, mun kusa rabin awa muna yin ta. Duk wanda muka gamu da shi sai ya tsaya ya gaishe shi, ya tambayi gida da iyali, ko bai san shi ba. Mama Rifkatu, maƙwabciyarmu 'yar Filato da ke sayar da awara a ƙofar gidanta, ta miƙe ta durƙusa ta ce, "Sannu Baba. Kullum ina jin tarinka ta katanga, ashe kai ne." Shekara guda da rabi bangonmu ɗaya, ba ta taɓa ganin fuskarsa ba. Ya tsaya ya duba wata bishiyar darbejiya, ya tsinki ganye ya murza a hannu ya shinshina. Ni kuwa hankalina yana kan rana, ina ta jan hannunsa.

A bakin babban titi tafiyar ta ƙare. Motoci da babura suna ta zuba ba ƙaƙƙautawa, sai mun tsallaka kafin mu kama hanyar Tarauni. Sau uku muna sa ƙafa a kwalta muna ja da baya. Ya ƙara damƙe hannuna. Ya ce a da nan wurin ana bi da jakai. Wani mai faci ya ga halin da muke ciki ya jawo masa benci. Nan ya zauna yana kallon ɗaya ɓangaren titin. Can hira ta ɓarke tsakaninsa da mai facin a kan ruwan bana, har na ji yana dariya da ƙarfi. Da aka kira la'asar ya shiga sahu a ɗan masallacin gefen titi ya yi salla a zaune cikin mutane, ni kuma ina gadin takalmansa ina kuka a hankali, don na san Umma ta kusa komawa gida.

A nan Abba ya same mu da mota, bayan Mama Rifkatu ta nuna masa hanyar da muka bi. Bai doke ni ba, bai ma kalle ni ba. Ya buɗe mana ƙofa muka shiga, ya ja motar. Sai da muka shiga gida ya durƙusa a gaban mahaifinsa ya ce, "Baba, so kake wani abu ya same ka a titi, a ce na kasa riƙe ka?" Baba Tsoho, wanda ba ya kiran sunan Abba saboda kunyar ɗan fari, ya ce, "Ka riƙe ni, ɗan nan. Ka riƙe ni ƙwarai." Ya shige ɗakinsa. A ranar aka karɓe mukulli daga wuyana. Daga nan idan na taso makaranta sai in zauna wurin Mama Rifkatu har Umma ta dawo, shi kuma ya wuni shi kaɗai tun safe. Wani lokaci nakan je in jingina da get in ba shi labarin makaranta, ina waje yana ciki.

Ba a yi sati biyu ba Malam Tanko ya rasu. Abba ya bar ofis ya zo ya ɗauki Baba Tsoho zuwa ta'aziyya, aka tafi da ni. Ko minti goma ba mu yi a mota ba muka isa. Ya zauna a tabarmar makoki, ya yi addu'a, ya gaisa da tsofaffin da suka rage. A hanyar dawowa abu ɗaya kawai ya faɗa: "Ashe kusa ne." Na ga Abba ya share ido da hannun riga. Baba Tsoho ya ƙara shekara biyu a gidanmu, yana shan magani a kan lokaci, bai sake neman a kai shi ko'ina ba.

Yanzu ina da aure a unguwar Babban Giji, Abba kuma ya yi ritaya, ciwon suga ya taɓa masa ido, gwiwoyi sun ƙi. Mun sa masa sola don kada fanka ta tsaya, mun saya masa waya mai manyan lambobi, muna kiransa safe da yamma. Layinmu ya cika da shaguna, titin ya fi da faɗi da sauri, zaurukan da tsofaffi ke zama kuwa yawanci an mayar da su kantuna. Watan jiya ya ce mini yana son zuwa ganin wani tsohon abokin aikinsa. Kafin in yi tunani na ce rana ta yi zafi, ya bari in samu sarari. Ya ce to, cikin sauƙi, ya gyara zama. Na kai shi washegari, amma na san akwai wasu ranakun da ban kai shi ba, da waɗanda bai ma tambaya ba. Har yau na kasa gane iyakar kulawa da kulle.