Kiran Jaglika a Bakin Kwarin Tara

Duk wanda ya girma a rugarmu, a saman duwatsun Durmitor, ya san muryar Goggo Jaglika. 'Yar tsohuwa ce ƙanƙanuwa, mai kiwon tumaki da yin cuku, ga faɗa kamar me, amma in ta buɗe baki sai kwarin kogin Tara ya ɗauka.

Ƙanwarta Krstinja aure ya kai ta ƙetaren kwarin tun suna 'yan mata. Kana hango hayaƙin bukkarta, amma kafin ka gangara, ka haye, ka hau, yini ya tafi. Waya ba ta kamawa a can. Mu mutanen dutse da kira muke aika saƙo, ko haihuwa, ko mutuwa, ko kyarkeci ya faɗa garke. Kullum in Jaglika ta gama tatsa sai ta hau wani falalen dutse, ta kewaye baki da tafin hannu.

"Ooo Krstinjaaa! Kina raye?"

Can sai ka ji siririyar murya: "Ina raye, Yaya! Ke za ki riga ni!"

"Ji 'yar banza," in ji Jaglika, tana dariya.

Mazansu suka mutu, 'ya'ya suka watse birni, kiran bai fasa ba.

Sai ga jirage masu saukar ungulu. Wani kamfani ya fara yawo da baƙi su kalli kwarin daga sama. Gandun dajin gwamnati da aka hana mu saran ko reshe ɗaya a cikinsa, su an bar su suna ruri a kanmu, haba! Daga rana ta fito, wannan na tafiya wancan na zuwa, kwarin kuma ya riƙe ƙarar ya yi ta juya ta. Tumaki suka firgice, nono ya ragu. Mun kai kuka har mun gaji.

Jaglika ta ci gaba da kira cikin rurin. Wata rana amsa ta iso, wata rana babu. Da fari hankalinta kan tashi, ta tura ni in dubo, in tarar da Krstinja lafiya lau tana mita wai ta amsa har maƙogwaro ya yi ciwo. A hankali Goggo ta saba.

"Ba ta amsa ba, Goggo?" na tambaye ta wata safiya.

"Ta amsa mana, ɗan nan. La'anannun nan ne suka cinye."

Haka ta ce washegari ma. Sai muka wayi gari da hazo, jirgi ko ɗaya bai tashi ba, kwari ya yi tsit. Ta kira, ta sake kira. Shiru. Ta ce in je in dubo.

Na haye. A hanyar marmaro na sami Krstinja kwance, ƙugu a karye, murya ta dushe gaba ɗaya. Sai da na kara kunne a bakinta.

"Na ji ta," ta ce. "Na ce ta turo mutum."

Ba ta kai asibiti ba. Wallahi har yau abin yana ci mini rai.

Jaglika ta daina zagin jiragen. Yanzu takan zauna shiru a kan falalen, sai ta ji jirgi ya taso sannan ta miƙe ta ƙwala kira.

Na ce, "Goggo, don me sai yana ruri?"

Ba ta ko dube ni ba. "In babu ƙarar, ɗan nan, ina ji sarai ba ta amsa ba."