Irin da Na Rina Ya Koma Gonar Babana

Ba zan faɗi sunana ba, kuma ba tausayi na zo nema ba. Ku dai saurara.

Ni 'yar Haɗeja ce. Babana manomin shinkafa ne a fadamar wajen Auyo. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana Uwata. Tun ina ƙarama kaina yana ja. A sakandare ni ce mai rina tsofaffin hijaban ƙawayena su dawo kamar sababbi. Haƙuri ne kawai ba ni da shi. Malamarmu ta kimiyya ta taɓa ce mini, "Ke tunaninki kamar ruwan sama a kan kwano yake, ga ƙara ga sauri, amma ba ya shiga ƙasa. Duk dabarar da ta zo miki ki tambayi kanki, daga nan kuma sai me?" Ina fita na hau kwaikwayon muryarta, 'yan aji suna ta dariya.

Da na gama makaranta sai na zauna gida ina rini. Ciniki yana tafiyar hawainiya, ni kuwa na ƙagu. Da ƙaramin abu na fara: in rina tsohon mayafi, in goge, in naɗe a leda, in ce daga Kano ya zo. Babu wadda ta gane. Ba ribar ce ta fi yi mini daɗi ba, ganin na fi mutane wayo ne.

Wata ranar kasuwar Kafin Hausa, wani mai sayar da maganin feshi, Sale, ya kalli jan da ke hannuna ya ce, "Ƙanwata, kin san ingantaccen iri da launi yake zuwa, saboda maganin da ake sa masa? Manomi kuwa launin kawai yake kallo."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ni na ƙarasa masa. Ni na ce a sayi shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, a sheƙe ta tas, a rina, a shanya a wani kango. Ni na ɗinka ƙananan buhuna, na zana zangarniya a jikinsu, Sale kuma yana sayarwa a kasuwa. Ni na ƙirƙiro maganar da ta ja mutane, wai irin nan ko ruwa ya shanye shi zai jure har ruwan ya janye. Wa ke noma a bakin kogin Haɗeja bai san tsoron ambaliya ba? Sale ya ce, "Wallahi kanki ya fi na 'yan jami'a." Na kumbura kamar alkaki a mai.

Abin da ban sa a raina ba, alhali a cikinsa na girma, shi ne manomanmu ba sa rowar iri. In mutum ya sami mai kyau sai ya ɗibar wa amininsa. Ran nan na dawo gida na tarar da buhuna a zaure, da zangarniyar da na zana da hannuna. Aminin Baba, Malam Bukar, shi ya saya ya raba da shi.

Baba ya ce, "Uwata, zo ki karanta mini abin da aka rubuta, ke ce 'yar boko."

Na karanta masa ƙaryata da bakina.

Ya ce, "Alhamdulillahi. Bana har ƙasan kwari zan shuka, inda kakanki bai taɓa yarda ya zuba iri ba."

Na ce, "Baba, da ka haɗa da namu na gida."

Ya yi dariya. "Na gida ai na bai wa innarki ta turara ta yi gumi, mu ci abinmu. Ke da kike cewa mun cika riƙon tsohon yayi?"

Magana ɗaya ta isa a wurin nan. Na yi shiru. Na ce a raina wataƙila bana ruwan ba zai zo ba. Wannan ba tunani ba ne, fatan ɓarawo ne.

Ruwa ya zo. Kogi ya cika ya batse, fadama ta zama tafki. Kullum Baba sai ya shiga kwale-kwale ya je ya tsaya a kan gonarsa, yana ce wa maƙwabta, "Ku kwantar da hankalinku, irin nan yana nan da ransa a ƙasa." Da ruwan ya janye, ba abin da ya rage sai ruɓaɓɓen kara da wari.

Manoma suka yi wa Sale ca a kasuwa. Ko mari ba a kai ga yi masa ba ya faɗi sunana. Da 'yan sanda suka zo, Baba ya tare ƙofar zaure yana cewa, "Ranku ya daɗe, kun yi ɓatan gida." Ni na fito na miƙa hannuwana. Ya daɗe yana kallon jan da ke ƙarƙashin farcena. Sannan ya matsa ya ba su hanya.

Alƙali ya tura ni gidan yari. A can babu inda za ka yi sauri ka je. Inna ta zo ta gaya mini Baba ya sayar da shanun huɗarsa, yana ƙwadago a gonakin mutane, Malam Bukar kuma kunya ta hana shi taka zaurenmu, shi da bai yi laifin komai ba. Sai a lokacin tambayar malamarmu ta dawo mini. Na rina, sai me? Manomi ya saya. Sai me? Ya yarda, ya shuka a kwari. Sai me? Duk abin a fili yake, ko yaron goye zai iya binsa har ƙarshe. Ni mai kan ja, a matakin farko na tsaya ina yi wa kaina tafi.

An sake ni, na tuba ga Allah, na bi gidajen da zan iya kaiwa na nemi gafara. Wasu sun yafe, wasu sun rufe ƙofa, kuma da gaskiyarsu. Yanzu kaba nake rinawa ina saƙa faifai da tabarma da zanen kaina. Launin da zai koɗe, ina gaya wa mai saye tun kafin ya taya. Irinmu na gida, Baba ya samo ɗan kaɗan wurin wani da ya taɓa ɗibar wa, yana ta rainonsa a gefen gona.

Ku 'yan baya, musamman ku da ake ce wa kuna da kai: basira ba hankali ba ce. In dabara ta zo muku, kada ku tashi, ku zauna ku bi ta har inda za ta kwana, ku ga a gonar wa za ta faɗi. Duk mai yabon wayonku a kan abin da ba za ku iya faɗa a gida ba, ku guje shi.

Ranar da na dawo daga gidan yari, Baba ya ce in shigo. Yana amsa gaisuwata, yana ci in na dafa. Amma da sunana na yanka yake kirana. Har yau bai sake cewa Uwata ba.