Furen Tamfol

A tashar jirgin ruwa ta tsibirin Taveuni, wata tsohuwa ce ke rataya wa baƙi sarƙar fure. Guguwa ba ta bar fure a tsibirin ba, shi ya sa ta yayyanka shuɗin tamfol na agaji ta kitsa, wataƙila daga wanda ya rufe ɗakinta. Ƙafarta ɗaure da tsumma.

Mereoni, 'yar tsibirin, ta sauka hutu daga Sydney tana tsaki, wai wurin ninƙayan otal a rufe yake. Tsohuwar ta leƙa fuskarta.

"'Yar nan, ai ke tamu ce. Rufin gidanku ya tsira?"

Mereoni ta sunkuya aka rataya mata. Ba ta sani ba. Ko waya ba ta buga ta tambaya ba.